Babi na Tara: Ƙwayar Ais da Illolinta, Misali daga Samaru da Sabon Garin Zariya

9.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi wata ƙwaya da ta shiga jerin kayan maye a ƙasar Hausa a 'yan shekarun nan, wadda masana kimiyya ke kira metamfetamin, matasa kuma suka fi saninta da suna ais ko ƙanƙara. Za a yi bayanin asalinta, da hanyar da ta biyo ta iso Nijeriya, da ɓarnar da take yi wa jiki da ƙwaƙwalwa, sannan a tsaya a kan nauyin da ya rataya a wuyan malami. An ɗauki Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin fagen misali saboda wurare ne da karatu da neman abinci suka tara matasa masu yawa, kuma ta waɗannan ƙofofi biyu ne wannan ƙwaya ta fi samun shiga.

Ɗalibi na iya tambayar abin da ya kawo wannan batu cikin darasin Hausa. Amsar ita ce, tarbiyya reshe ce ta al'ada, kuma adabin Hausa ya daɗe yana gargaɗi a kan kayan maye, kamar yadda aka gani a Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja. Ban da haka, a makarantu da yawa malamin Hausa ne ake turawa ya yi wa iyaye bayani a taronsu da malamai, shi ne kuma ake ba takardar faɗakarwa ya fassara. Wanda bai san abu ba kuwa, ba zai iya fassara shi ba.

9.1 Kamanninta da Sunayenta

Metamfetamin ba tsiro ba ce kamar wiwi ko zaƙami. Haɗa ta ake yi daga sinadarai, kuma babban tushenta a da shi ne efedrin, wani sinadari da ake sa wa a wasu magungunan mura da asma. Takan zo a siffar farin gari, ko ƙwayar haɗiya, ko kuma dunƙule-dunƙule masu sheƙi kamar ɓarɓashin gilashi ko fasasshiyar ƙanƙara. Wannan siffa ta ƙarshe ita ake kira ais. Akan zuƙi hayaƙinta, ko a shaƙi garinta, ko a haɗiye, ko a narka a yi allura.

Kayan maye iri-iri ne. Akwai masu kwantar da jiki su sa kasala da layi da barci, kamar giya da kodin da rafanol. Akwai kuma masu zaburar da jiki su kori barci da yunwa, kamar hodar iblis da amfetamin. Metamfetamin tana cikin rukuni na biyu, kuma tana daga cikin mafiya ƙarfi a cikinsa. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai ga malami, domin idon Bahaushe ya saba gane mashayi ne ta hanyar tangaɗi da jan magana da gyangyaɗi. Mai shan ais a farkon lamarinsa ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ake gani shi ne kuzari da kazar-kazar da yawan surutu, har ma wani ya yaba masa cewa ya zama mai himma.

Sunayen kayan maye fage ne mai kyau na nazarin harshe. Wasu aro ne daga Ingilishi aka gyara su suka dace da bakin Bahaushe, kamar sholisho da benelin da taramol. Sukudai ma aro ne, kuma ma'anarsa a asali ita ce a tsotsa a mutu. Kalmar ƙwaya kanta faɗaɗa ma'ana ta samu: daga ƙwayar hatsi zuwa ƙwayar magani, daga nan kuma aka sami ɗan ƙwaya. Wasu sunayen kuwa talla ce tsagwaronta. Dattawan da suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980 suna tune da wata ƙwaya ta dangin amfetamin da ake kira a-ji-garau, wadda manoma da leburori ke sha don su yini suna aiki ba gajiya. Sunan ya faɗi abin da mai sha ke so, ya ɓoye abin da zai biyo baya. Haka sunan ƙanƙara yake: yana kawo wa zuciya sanyi da tsabta, alhali abin da aka raɗa wa shi zafi yake sa wa jiki, har ya kai ga kisa. Inyamurai suna ce mata mkpuru mmiri, wato ƙwayar ruwa, shi ma suna ne mai laushi a kan abu mai kaushi.

9.2 Taƙaitaccen Tarihinta

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Japan, Nagai Nagayoshi, shi ya fara haɗa metamfetamin daga efedrin a shekarar 1893. A 1919 wani ɗan ƙasar kuma, Akira Ogata, ya fitar da ita a siffar dunƙule mai sheƙi. A 1938 kamfanin Temmler na Jamus ya fara sayar da ita da sunan Pervitin, ana saye a kantin magani kamar kowane maganin gajiya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka mayar da ita guzurin soja. Tsakanin watan Afrilu da Yuli na 1940 kaɗai, an raba wa sojojin Jamus ƙwayoyi kimanin miliyan 35 don su yi kwanaki suna tafiya ba barci. Ba a daɗe ba likitocin soja suka lura cewa sojan da ya yi kwana biyu a kanta yakan zube, ya yi kwanaki bai amfanu ba, don haka aka ƙuntata raba ta.

A Japan ma an ba sojoji da ma'aikatan masana'antu ita da sunan Philopon. Bayan yaƙi, ragowar da ke rumbunan soja ta fantsama kasuwa, ta faɗa hannun leburori da ɗalibai da marubuta. Ƙasar ta kafa dokar hana ta a 1951, kuma a 1954 an kama mutum sama da 55,000 saboda ita. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin magungunan da aka yi yarjejeniyar tsare su. Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk inda ta fara shiga, da rigar maganin aiki ta shiga.

9.3 Yadda Ta Iso Nijeriya

Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, an kafa ta ne da Dokar Soja mai lamba 48 ta 1989. A shekarunta na farko ta fi fama da wiwi da hodar iblis da hiroyin. A 2011 ne ta gano wurin haɗa metamfetamin na farko a ƙasar nan, a Legas. A watan Maris na 2016 ta bankaɗo wani katafaren wuri a Asaba ta Jihar Delta, inda aka kama 'yan ƙasar Meziko huɗu da aka ɗauko don su koyar da sana'ar. A wancan lokaci yawancin abin da ake haɗawa waje ake kaiwa, musamman Afirka ta Kudu da ƙasashen gabashin Asiya, inda take da tsada. Amma kogi ba ya wucewa bai jiƙa gaɓa ba. Sannu a hankali aka fara sayar da ita a gida.

Binciken shan miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuffuka, aka kuma fitar a watan Janairu na 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Wannan ya kai kashi 14.4 cikin ɗari. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kimanin miliyan 3. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, masu shan metamfetamin kuwa an ƙiyasta su 89,000 a duk ƙasar. Rahoton ya kuma nuna cewa a cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce, abin da ya kamata malaman makarantun 'yan mata su riƙe.

Adadin 89,000 ƙarami ne in an gwada shi da na wiwi, amma abubuwan da suka faru bayan binciken sun nuna lamarin bai tsaya a nan ba. A 2021 shan mkpuru mmiri ya zama annoba a jihohin Kudu maso Gabas, har wasu garuruwa suka riƙa ɗaure matasa a jikin turke suna yi musu bulala a bainar jama'a, kuma a watan Nuwamba na shekarar Majalisar Wakilai ta tattauna batun. A 2022 an sake gano wuraren haɗa ta a Lekki ta Legas da kuma Nise ta Jihar Anambra. A Arewa kuwa ta tarar da kasuwa a buɗe. Bayan Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, biyo bayan wani shirin bincike na BBC, kodin ya yi tsada, amma masu sha da masu sayarwa suna nan. Dillali ba ya rufe shago don kaya ɗaya ya yanke, wani yake nemowa.

9.4 Samaru da Sabon Gari

Sabon Garin Zariya ɗan jirgin ƙasa ne. Ya kafu ne bayan layin dogo ya iso a 1911, inda ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban suka zauna a wajen ganuwar birni. Har yau wuri ne na ciniki da sufuri: ga babbar kasuwa, ga tashoshin mota, ga Kwangila inda hanyoyin Kano da Kaduna da Funtuwa suka haɗu. Direban da ke son ya yi sawu biyu a rana ɗaya, da yaron mota, da ɗan dako, da ɗan acaɓa ko mai keke Napep da ke da balas ɗin da zai kai wa mai abin hawa kowace yamma, duk mutane ne da gajiya ke rage musu kuɗin shiga. Ga irin waɗannan, duk abin da aka ce yana kore gajiya, kunnensu a buɗe yake gare shi.

Samaru kuwa garin karatu ne. Tashar binciken aikin gona ta fara zama a can tun 1922, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962. A yau dubban ɗalibai na zaune a ɗakunan haya a Samaru da Hayin Dogo da Bomo da Palladan, nesa da idon iyaye, da yawansu a karo na farko a rayuwarsu. Lokacin jarrabawa akan kwana karatu a azuzuwa, kuma tun da daɗewa ɗalibai na neman abin hana barci, daga goro da kofi zuwa lemukan ƙara kuzari. Daga nan zuwa ƙwaya taki ɗaya ne, musamman in aboki ne ya miƙo.

A ƙaddara wani ɗalibi da ya bar karatu ya taru masa, saura kwana uku jarrabawa. Abokin ɗakinsa ya ba shi ya zuƙa sau ɗaya. A daren bai runtsa ba, ya ji kansa ya buɗe, ya ga kamar ya haddace littafi guda. Da ya shiga ɗakin jarrabawa sai hannu na rawa, tunani na tsalle daga nan zuwa can, ya cika shafuka da rubutun da ba ya amsa tambaya. Dalili shi ne, ƙwayar tana ƙara wa mutum jin cewa ya iya fiye da yadda take ƙara masa iyawar, kuma a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Bayan jarrabawa ya yi kwana biyu yana barci, ya tashi cikin ƙuncin da bai san dalilinsa ba, kuma ya riga ya san abin da zai yaye masa shi cikin minti ɗaya. A wannan gaɓa ce ake kamuwa, ba a daren farko ba.

Irin wannan yaro in an yi masa wa'azi cewa maye haramun ne, ko a masallaci ko a coci, sau da yawa amsarsa ita ce shi ba maye yake yi ba, ƙarfi yake nema. Wannan ita ce hujjar da masu shan a-ji-garau suka kafa shekaru hamsin da suka wuce, kuma ba za a rushe ta ba sai an san abin da ke faruwa a cikin jiki.

9.5 Yadda Take Aiki a Jiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke sa mutum ya ji daɗi da gamsuwa idan ya ci abinci, ko ya gama aiki, ko ya ga wanda yake ƙauna. Jijiyoyi sukan sake shi kaɗan-kaɗan, sannan su mayar da shi ma'ajiyarsa don amfanin gaba. Metamfetamin tana shiga cikin jijiyar ta tilasta mata ta zubar da abin da ta tara gaba ɗaya, ta kuma juya hanyar da ake mayar da shi. Misalinta kamar wanda ya fasa rumbu ne ya dafa abincin shekara a dare ɗaya: za a yi shagali, amma gari zai waye. Haka kuma tana sakin sinadarin da ke shirya jiki don faɗa ko gudu, shi ya sa zuciya ke bugawa da sauri, jini ya hau, ido ya buɗe, yunwa ta ɗauke.

Wani abin da ya sa ta fi hodar iblis haɗari ta wannan fuska shi ne daɗewarta. Jiki yakan rage hodar iblis da rabi cikin kamar awa ɗaya, amma metamfetamin sai ta yi awa 10 zuwa 12 kafin rabinta ya fita. Saboda haka zuciya da jijiyoyi sukan yini su kwana a ɗaure tamau. Ƙarfin da mai sha ke ji ba daga ƙwayar ya fito ba, domin ba abinci ba ce. Nasa ne na gobe da jibi aka ranto masa, kuma bashin da ruwa ake biyansa.

Idan aka ci gaba da sha, ƙwaƙwalwa takan kare kanta ta hanyar rage wuraren da ke karɓar dofamin. Daga nan abin da ya isa jiya ba zai isa yau ba, sai an ƙara. Mafi muni shi ne, abubuwan da ke faranta rai a da, kamar tuwon gida da hira da ƙwallo da wasa da yara, duk sai su zama lami. A wannan mataki mutum ba don jin daɗi yake sha ba, yana sha ne don ya iya tashi daga shimfiɗa.

9.6 Illolinta

Illar da ke kisa nan take ta fi zuwa ta zuciya da jini. Hawan jini na farat ɗaya na iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki ga saurayi ɗan shekara 20, bugun zuciya na iya rikicewa, jiki kuma na iya yin zafin da zai lalata tsoka da ƙoda. Wannan ya fi tsanani ga wanda ke aikin ƙarfi a rana, a watannin Maris da Afrilu, ga shi ƙwayar ta ɗauke masa jin ƙishirwa da gajiya, wato ƙararrawar da jiki ke bugawa kafin ya faɗi. Direban da ya yi kwana biyu bai yi barci ba kuwa, duk yadda idonsa yake a buɗe, barcin zai zo ya karɓi haƙƙinsa, wani lokaci a tsakiyar hanya da fasinjoji cike da mota.

Wanda ya daɗe a kanta yakan rame ƙwarai. Yawu yakan ƙafe, ga cizon haƙora da yawan shan zaƙi da barin asuwaki, sai haƙora su ruɓe su kakkarye, dasashi ya kumbura. Wasu sukan ji kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fatarsu, su yi ta susa da tsaga har fuska da hannuwa su cika da gyambo. Masu yin allura da sirinji ɗaya suna yaɗa cutar ƙanjamau da ciwon hanta a tsakaninsu, haka kuma ƙwayar tana tayar da sha'awa ta kawar da kunya da taka-tsantsan, wanda shi ma hanya ce ta waɗannan cututtuka. Mace mai ciki da ke sha tana cikin haɗarin haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi, ko rabuwar mabiyiya da mahaifa kafin lokaci.

Illar da ta fi girgiza iyali ita ce taɓin hankali. Yakan fara da zargi: mai sha ya ga kamar ana binsa, ana maganarsa, an sa masa guba a abinci, ko an ɗana wani abu a wayarsa. Daga nan sai jin muryoyin da babu su da gane-gane. Mutumin da ya tabbata a ransa cewa za a kashe shi yana iya ɗaukar wuƙa don kare kai, kuma wanda ya fi kusa da shi ne abin zai faɗa wa, uwa ko mata ko abokin ɗaki. Ga mutane da yawa wannan yakan lafa cikin kwanaki bayan an daina sha an sami barci, amma ga wasu yakan ɗauki watanni, yakan kuma dawo in an koma ko an shiga damuwa. Idan ƙwayar ta saki mutum kuma, ƙuncin da ke biyo baya yakan kai wasu ga tunanin kashe kansu.

A nan ne al'ada ke iya jinkirta magani. Iyalin da suka ga ɗansu na magana shi kaɗai, abin da ya fi saurin zo musu shi ne iska ko sammu, musamman da yake ba su taɓa ganin ya yi layi ba. Sai a yi watanni ana hayaƙi da turare, shi kuwa yana ci gaba da sha a ɓoye. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma malaman addini masu hangen nesa su da kansu sukan ce a haɗa da likita.

Sai kuma hasarar dukiya da ta 'yanci. Kuɗin makaranta da jarin sana'a su ke fara tafiya, sai waya, sai tukunyar gas da kayan ɗakin uwa. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai haɗawa ko shigowa ko sayar da irin waɗannan ƙwayoyi, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da su a hannu.

9.7 Nauyin da Ke Kan Malami

Malami yana ganin yaro awa biyar ko shida a rana, kuma yana da abin da iyaye da yawa ba su da shi, wato littafin rajista da littafin aikin yaron tun daga farkon zango. Canji yake nema, ba alama guda ba. Ɗalibin da yau ya cika aji da surutu ya kasa zama, gobe da jibi bai zo ba, gata ya zo ya kife kai a kan tebur, sannan abin ya maimaita kansa mako bayan mako, ya cancanci a kula da shi. Haka nan rama cikin ɗan lokaci, da ƙuraje a fuska, da taune-taunen muƙamuƙi, da saurin fushi, da sababbin abokai da suka girme shi, da rubutun da ya rikice. Sai dai a yi hattara. Yunwa da zazzaɓi da tallar dare da rigimar gida duk suna kawo wasu daga cikin waɗannan, kuma malamin da ya kira yaro ɗan ƙwaya a gaban aji bisa zato ya yi masa tabon da ba ya gogewa, ko da zaton ya zama gaskiya.

Abin da ya dace shi ne a kira shi gefe, a faɗa masa abin da aka gani ba tare da tuhuma ba, a saurare shi, sannan a sanar da malamin ba da shawara da shugaban makaranta, a kuma zauna da iyaye. Bulala a gaban taro da kora su ne mafi sauƙi ga makaranta, amma korarren yaro ba gida yake komawa ba, wurin dillali yake komawa, yanzu kuma da yini guda a hannunsa. Ɗauri da mari ma ba magani ba ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane kimanin 300 daga wani gidan gyaran tarbiyya a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi kare mutuncin masu irin wannan lalura.

Idan aka sami wanda ya rikice a makaranta, jikinsa ya yi zafi, yana zufa yana fizge-fizge, a janye taron 'yan kallo, a kai shi inuwa, a yi masa magana a hankali ba tare da musanta abin da yake cewa yana gani ba, a sanyaya jikinsa da ruwa, a gaggauta kai shi asibiti. Kada a danne shi rub da ciki, domin hakan na iya tsayar da numfashinsa. A yankin Zariya akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ofisoshin NDLEA ma suna da sashen ba da shawara ga masu son dainawa.

Ya kamata a faɗa wa iyaye gaskiya cewa babu wata allura ko ƙwaya da aka tabbatar tana cire jarabar metamfetamin. Abin da ya fi aiki shi ne zaman shawara a kai a kai da ƙwararru, da tsarin ba da 'yar kyauta duk lokacin da gwajin fitsari ya nuna mutum bai sha ba, da raba shi da wuraren da abokan da ke tuna masa. Komawa bayan an daina abu ne da ke faruwa sau da yawa, ba kuwa alama ce ta cewa an yi aikin banza ba. Wani bincike da Dokta Nora Volkow da abokan aikinta suka buga a Amurka a 2001 ya nuna, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa sassan dofamin da suka lalace sun farfaɗo sosai ga waɗanda suka yi fiye da shekara guda ba su sha ba, ko da yake ƙarfin tuna abu bai dawo da saurin haka ba. Ɗalibin da ya dawo aji bayan jinya zai yi ta mantuwa na wani lokaci, don haka yana bukatar a maimaita masa darasi, a rage masa yawan aikin da ake ba shi a lokaci guda.

A cikin aji kuwa, tsoratarwa da ƙarya ba ta da amfani. Malamin da ya ce duk wanda ya taɓa sau ɗaya zai haukace, alhali yara sun san wani a unguwarsu da ke sha yana kuma tuƙa babur, ya zubar da sauran maganarsa. Gara ya yarda cewa ƙwayar tana kore barci da gajiya, sannan ya nuna daga ina ƙarfin ya fito da yadda ake biyansa. Darussan insha'i da muhawara da wasan kwaikwayo duk suna ba da wannan dama, haka ma ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi.

9.8 Jinga

1. Kawo sunayen kayan maye guda goma da ake amfani da su a unguwarku, ka rarrabe na aro da ƙirƙirarru, ka kuma bayyana abin da kowane suna ke ɓoyewa.

2. Wani ɗan acaɓa ya ce ƙwayar da yake sha ba ta maye ba ce, ta ƙarfi ce. Rubuta amsar da za ka ba shi cikin Hausar da zai fahimta, kada ta wuce shafi ɗaya.

3. A lokacin koyarwar gwaji ka lura da wata ɗaliba 'yar aji biyar ta sakandare da ta rame, tana fashin makaranta kwana biyu kowane mako. Tsara tattaunawar da za ka yi da ita, sannan wadda za ka yi da mahaifiyarta.